Kunne a jikin inji: abin da na rubuta cikin mako 16

Litinin, 1 ga Satumba, 2025

Yau aka sa hannu. Bayan wata biyar ina yawo da takarda daga wannan ofis zuwa wancan, kwamitin gudanarwa ya amince mu gwada. An ba mu mako 16, mutum huɗu, da kasafin da za a riƙa sako mana kashi-kashi har sau uku, kowane kashi sai mun tsallake zaman tantancewa. Zan riƙa rubuta abin da ke faruwa, don na san halina: in abu ya yi kyau sai in manta wahalar, in ya ɓaci sai in manta nawa laifin.

Ga aikin. Kamfaninmu ya daɗe yana ƙera manyan injinan tura ruwa na masana'antu. Mu sayar, mu ba da garanti, shi ke nan. Ba ma sake jin ɗuriyar mai saye sai ranar da injin ya tsaya, ya kira a fusace yana neman kayan gyara. Abin da za mu gwada shi ne mu manna wata 'yar na'ura a jikin injin, mai auna jijjiga da zafi, ta riƙa turo mana bayani. Da zarar boris, wato zoben ƙarfe mai ƙwallaye da sandar inji ke juyawa a cikinsa, ya fara ci, mu sanar da mai inji tun kafin ya tsaya, shi kuma ya riƙa biyanmu wata-wata. Na'urar tana da dogon suna a takarda, amma mu "kunne" muke ce mata.

Mu huɗu ne: ni, da wata ƙaramar injiniya daga sashen zane, da mai rubuta manhaja, da mutum ɗaya daga sashen lissafi. Ni kaɗai aka saki gaba ɗaya, sauran ukun rabin lokacinsu aka ba ni. Ban yi gardama ba, da babu gara ba daɗi.

Daraktan da ya tsaya mana ya yi ɗan jawabi. Ya kawo misalin kamfanin 3M, inda tun 1948 ake barin ma'aikatan fasaha su yi amfani da kashi 15 cikin 100 na lokacinsu kan abin da ransu ya raya musu. Kowa ya gyaɗa kai. Ni abin da na riƙe a labarin 3M daban ne: ma'aikacinsu Spencer Silver ya samo wani gam mara ƙarfi a 1968, Art Fry ya gano amfaninsa a 1974, amma 'yar takardar rubutu mai mannewa da aka yi da shi, Post-it, ba ta game kasuwannin Amurka ba sai 1980. Shekara 12 ke nan. Mu mako 16 aka ba mu.

Alhamis, 4 ga Satumba

An ba mu ɗaki a ƙarshen baranda, inda ake tara tsofaffin fayiloli. Mun share, mun kafa allo. Ba mu kashe komai ba.

Talata, 9 ga Satumba

Maimakon mu zauna rubuta tsarin kasuwanci mai shafi 50, mun bi dabarar da masana harkar kasuwanci Rita McGrath da Ian MacMillan suka fitar a 1995, wato a fara daga ƙarshe. Wace riba ce za ta sa kamfani mai girman namu ya ɗago kai ya dube mu? Daga nan a yi ta dawowa baya: inji nawa ke nan, masu biya nawa, makanike nawa. Sannan a jera duk abin da aka ɗauka gaskiya ne alhali ba a taɓa gwadawa ba.

Zato 23 muka jera a allo. Mutumin lissafi ya tashi ya ja layi ƙarƙashin guda uku, ya ce in ɗaya a cikinsu ya faɗi, sauran duk hira ce. Na ɗaya, ko kunnen zai iya bambance boris mai ciwo da hayaniyar masana'anta. Na biyu, ko mai inji zai yarda ya biya kuɗi kan lalacewar da ba ta faru ba tukuna. Na uku, ko wakilan sayarwa za su yarda su kai mu wajen abokan cinikinsu. Ni na ɗayan ne yake hana ni barci.

Laraba, 17 ga Satumba

Kwana takwas muna neman sayen kunne 20, har yau ko ɗaya bai shigo ba.

Dokar sashen saye-saye ita ce, duk abin da za a sayo sai an kawo farashi daga wuri uku, kuma sai mai sayarwar yana cikin rajistar kamfani. Mai irin kunnen da muke so ba ya ciki. Shigar da shi mako shida ne: fom, binciken asusunsa, takardar inganci. Matar da ke kula da rajistar ta yi mini bayani a tsanake, kuma ban ga laifinta ba. An kafa dokar ne don kada wani ya sayo ƙarfe na miliyoyi a wajen ɗan'uwansa. Sai dai dokar ba ta san bambancin tirela goma na ƙarfe da kwali ɗaya da za a iya rungumowa a hannu ba.

Na tuna Adobe, da a 2013 suka fara ba ma'aikaci jan akwati mai ɗauke da katin kuɗi na dala 1,000, ya je ya gwada tunaninsa ba tare da neman iznin kowa ba. Da can na ɗauka ado ne kawai irin na manyan kamfanoni. Yau na gane katin nan shi ne duk maganar.

Da yamma na sami Darakta. Na ce, "Ranka ya daɗe, mako shida cikin 16 zai tafi a jiran fom." Ya kira shugaban saye-saye a gabana, aka yarda a sayo ta hannun wani dillali da ke cikin rajista. Dillalin ya ɗora nasa, tsadar ta ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Kunnuwa da batir da kuɗin layin tura bayanai sun cinye kashi 18 cikin 100 na kason farko.

Alhamis, 25 ga Satumba

Na ƙirga. Cikin kwanakin aiki 19 da suka wuce, injiniyarmu ta zauna da mu kwana huɗu da rabi. Mai manhaja kwana shida. A takarda rabin lokaci ne, a zahiri abin da ya rage ne bayan shugabanninsu sun gama da su.

Na je wajen shugaban sashen zane. Ya tarbe ni da fara'a, ya ce, "Malam, ni ban hana ta ba. Amma akwai odar da za mu miƙa ƙarshen wata, in ta makara sunana za a kira, ba naka ba." Gaskiya ya faɗa. Rijiya ta bayar, guga ya hana, amma shi ma gugan igiyarsa a hannun wani take.

Duk misalan da ake kawowa a tarukan ƙirƙira, in ka duba, mutanensu an ɗauke su ne ɗungurungum. A 1943 Kelly Johnson na Lockheed ya ware injiniyoyinsa ya kai su cikin tanti, nesa da sauran ma'aikata, suka haɗa jirgin XP-80 cikin kwana 143. IBM ta bar ƙungiyar Don Estridge a Boca Raton ta Florida, nesa da hedikwata, ta ba su damar sayen sassa daga waje, har da na Intel da Microsoft, suka fito da kwamfutar tebur a watan Agustan 1981 bayan aikin kusan shekara guda. Babu wanda aka ce wa ya zo bayan ya gama aikinsa na ainihi.

Abin da na samu a yau: Talata da Laraba namu ne, a rubuce, da sa hannun shugabannin uku. Ba rabi ba ne, kwana biyu ne cikin biyar, amma aƙalla na san su.

Alhamis, 2 ga Oktoba

Wakilan sayarwa bakwai na roƙa, ɗaya ya amsa. Sauran ba su ce a'a ba, sun dai yi ta cewa "bari mu ga mako mai zuwa". Na fahimce su. Mutum ya shekara goma yana lallaɓa abokin ciniki, ka zo ka ce ya kai ka ka gwada abin da bai tabbata yana aiki ba, kuma babu la'adarsa a ciki.

Wanda ya amsa ya kai mu masana'antu uku. A ta biyun ne na ga abin da ya sa na kasa rufe baki. Muna tsaye da shugaban gyare-gyare ina nuna masa zanen allon bayanai a kwamfuta, mai layuka ja da kore, sai ga wani dattijon makanike ya zo wucewa. Ya zaro dogon sukundireba daga aljihu, ya ɗora bakinsa a kan gidan boris, ya manna ƙotar a ƙashin bayan kunnensa, ya lumshe ido kamar daƙiƙa goma. Ya ɗago ya ce wa ubangidansa, "Yallaɓai, wannan na baya zai kai wata ɗaya, ba zai wuce ba." Ya yi gaba abinsa.

Injiniyarmu ta bi shi ta ce, "Baba, inji nawa kake saurara haka a rana?" Ya ce waɗanda ƙafarsa ta kai. Akwai wasu a ƙarƙashin ƙasa, akwai na can bayan tankuna, sai ya yi wata bai leƙa su ba. Kuma saura shekara biyu ya ajiye aiki, yaran da ke bayansa ba mai haƙurin koyo.

Shugaban gyare-gyaren ya ture kwamfutar gefe ya ce shi ba ya son wani allo, yana da alluna sun ishe shi. A turo masa saƙo a waya: inji kaza, gefe kaza, kwana kaza ya rage. Kuma in an turo, a tabbata boris ɗin yana kan hanya.

Mun koma muka goge allon bayanai daga tsari. Aikin mako uku na mai manhaja ya tafi a banza. Laifina ne, da mun fara zuwa kafin mu fara zane.

Laraba, 8 ga Oktoba

Mun manna kunne 18 a masana'antu biyu. Biyu sun zo a mace, an mayar. Bayani ya fara shigowa.

Laraba, 15 ga Oktoba

Mummunan mako.

Daren Lahadi da ƙarfe 2 da 'yan mintuna, manhajar ta tura saƙon gaggawa cewa injin da ke ba tukunyar tururi ruwa yana gab da tsayawa. Shugaban gyare-gyare ya taso daga gida, ya tsayar da layin aiki, ya kunna injin ko-ta-kwana, ya sa aka kwance gidan boris. Lafiya lau, ko ƙwarzane babu. Awa huɗu suka yi asara.

Litinin da sassafe muka je. Ashe maganaɗisun da ke riƙe kunnen ne ya saki. Mun manna shi a kan fenti mai kauri ba mu kankare ba, zafi da maiƙo suka sa ya zame, ya koma yana lilo a jikin murfin fanka. Jijjigar kansa yake ji yana kai ƙara. Da muka duba sauran, biyar cikin 18 sun gusa daga inda muka sa su.

Kuskure na biyu ya fi ciwo, don ni na yanke shi. Injiniyarmu ta ce tun farko kada mu bar saƙo ya tafi kai tsaye sai ɗan'adam ya duba. Na ce ai hakan ba zai yiwu ba ranar da muka kai inji dubu. Ina lissafin inji dubu alhali 18 ke gabana.

Mutumin bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce, "Malam, in makanikena ya yi mini haka sau biyu, sallamarsa zan yi. Kun ci ɗaya." Wakilin da ya kawo mu kuwa bai ce uffan ba har muka dawo, kuma na san zuwa yamma duk sashensu sun ji.

Gyara: mun kankare fenti, mun manna da gam mai jure zafi, mun sa alama a kowane wuri. Duk saƙo yanzu sai ya biyo ta wayata ko ta injiniya, mu duba, sannan ya wuce. Kuɗin gam da zirga-zirga ba wani abu ba ne, kashi 3 cikin 100. Abin da muka rasa a wajen wakilan sayarwa ban san yadda ake rubuta shi a lissafi ba.

Talata, 21 ga Oktoba

Shugaban sashen kayan gyara ya kira ni ofishinsa. Shekararsa 26 a kamfani, kuma kowa ya san sashensa ne ke riƙe da ribar gidan: a inji ɗan abin da ake samu kaɗan ne, a kayan gyara ake cin moriya.

Bai yi kwana-kwana ba. Ya ɗauko boris ya ajiye a tebur, ya ɗauko sandar inji da ta murɗe ya ajiye kusa da shi. Ya ce, "Ƙanena, in boris ya mutu ba a sani ba, yana tafiya da sanda, da abin toshe yoyo, wani lokaci har da fanka. Odar gaggawa ke nan, da kuɗin gaggawa. In kai ka faɗa musu da wuri, wannan ƙaramin kaɗai zan sayar. Ka faɗa mini wa zai cike mini giɓin a ƙarshen shekara."

Na fara kawo masa labarin Kodak, yadda Steven Sasson ya haɗa kyamarar dijital ta farko a cikin kamfanin a 1975, da yadda kamfanin ya kai ga neman kariyar kotu saboda bashi a watan Janairun 2012. Ya ɗaga hannu ya ce ya ji labarin nan ya fi sau goma, kuma kullum ana ba da shi ne kamar mutanen Kodak wawaye ne. Ba wawaye ba ne, in ji shi. Sun sayar da kyamarorin dijital da yawa. Ribar fim ɗin ɗaukar hoto ce ta fi ta dijital nesa ba kusa ba, kuma kowane manaja a can an auna shi ne da ribar bana. "Ka canza mini ma'auni, in canza maka hali."

Na fito raina a ɓace, amma a mota na yarda ya fi ni gaskiya. Clayton Christensen na jami'ar Harvard abin da ya nuna ke nan tun 1997: manyan kamfanoni sukan faɗi ne suna cikin yin abin da ya dace da lissafinsu, suna bin manyan abokan cinikinsu da riba mafi tsoka. Na daɗe da sanin wannan. Ban taɓa zama a gaban mutumin da lissafin yake wuyansa ba sai yau.

Talata, 28 ga Oktoba

Zaman tantancewa na farko. Minti 40.

Na shirya yin magana kan zato ukun nan da abin da muka koya. Minti biyar da farawa, mataimakin shugaban kuɗi ya nemi hasashen kuɗin shiga na shekara biyar, wata-wata. Na ce duk lambar da na ba shi ƙirƙira ce, tunda har yanzu ba mu da mai biya ko ɗaya. Ya ce fom ɗin zuba jari yana da gurbin, kuma ba a barin gurbi fanko. Fom ɗin da ake cikewa in za a gina sabon reshen masana'anta, shi aka miƙo mana.

Darakta ne ya cece mu. Ya tuna musu cewa Nestlé ta kafa Nespresso, mai sayar da kofi da injin haɗa shi, a matsayin kamfani mai zaman kansa a 1986, ta fara da tallata shi ga ofisoshi abin bai karɓu ba, sai da aka juya zuwa gidajen mutane, kuma ya kusan shekara goma kafin ya riƙe kansa. Ya ce a tambaye mu abin da muka gano da abin da za mu gwada gaba, a ajiye maganar shekara biyar.

An sako kaso na biyu, amma an zaftare kashi ɗaya cikin huɗu saboda saƙon ƙaryar nan na daren Lahadi. Mun soke masana'anta ta uku daga gwajin. Zuwa yau mun kashe kashi 31 cikin 100 na duka kasafin.

Talata, 4 ga Nuwamba

Shiru. Mun canza batir uku. Saƙo biyu sun taso, mun duba, hayaniyar walda ce a kusa, ba mu tura ba.

Laraba, 12 ga Nuwamba

Ranar 3 ga wata injiniyarmu ta lura da wani ɗan tudu a layin jijjigar inji na 11, ɗaya daga cikin na ƙarƙashin ƙasa. Bai kai inda manhaja za ta yi ƙara ba. Ta yi ta bibiyarsa, kullum yana ɗan ƙaruwa, zafin gefen kuma ya hau da digiri huɗu. Ranar Juma'a ta ce mu faɗa musu. Na yi jim, don in muka sake kuskure an gama da mu. Ta ce, "Yaya, in ba za mu faɗa ba, me muke yi a nan?" Na kira.

Shugaban gyare-gyare bai tsayar da komai ba, ya tura dattijon nan da sukundirebansa. Ya sauka, ya saurara, ya hau ya ce yarinyar ta yi gaskiya. Suka bari sai jiya, lokacin da suka saba tsayawa wanke tankuna, suka kwance. Ya kawo mana boris ɗin a cikin tsumma. Zoben ciki ya fara ɓarewa, wani ɗan rami kamar an ƙwaƙule da farce, ƙwallaye biyu sun dushe. Minti 50 aikin ya ɗauka, layi bai tsaya ba.

Na tambaye shi kai tsaye ko zai biya. Ya ce zai biya kan inji 30, da sharaɗi ɗaya: in mun yi gargaɗi, kayan gyaran su iso cikin kwana biyu. A wannan karon sai da ya jira kwana huɗu, daga kamfaninmu.

Boris ɗin yana kan teburina. Zato na ɗaya, wanda ya hana ni barci, shi ne ya fi saurin warwarewa.

Talata, 18 ga Nuwamba

Muna da mai son biya, ba mu da hanyar karɓa. Manhajar lissafin kamfani ta san a sayar da abu mai lamba, a fitar da shi daga sito, a rubuta takardar biya. Ba ta san wani abu wai shi biyan wata-wata ba. Sashen kwamfuta sun ce za su iya gyarawa, su sa mu a layi, watanni bakwai.

Lauyoyi kuma sun tambayi abin da ban shirya masa ba: in inji ya lalace kunne bai ji ba, wa zai ɗauki asarar? Kuma shin manna na'ura a jikin inji yana taɓa garanti? Tambayoyi ne na gaske. Mun yi kwana uku kan yarjejeniya mai shafi biyu, wadda ta ce gargaɗi muke bayarwa, ba lamuni ba.

Maganar biya, mutumin lissafi ya samo dabara: za a rubuta shi a matsayin kwangilar duba inji ta wata shida, a biya sau ɗaya. Ba abin da muka tsara ba ne, amma kuɗi zai shigo.

Litinin, 24 ga Nuwamba

An ɗauke Darakta. Ƙarin girma ne, zai koma kula da wani reshe daga farkon wata. Na yi masa murna da baki, cikina kuwa ya ɗuri ruwa. Sai yau na ƙirga sau nawa ya ɗaga waya saboda mu: saye-saye, Talata da Larabar da aka ba mu, zaman tantancewa. Ba tsari ne ya kawo mu nan ba, mutum ɗaya ne.

Haka ta faru ga Ken Kutaragi a Sony. A 1992 akasarin manyan kamfanin ba sa son aikinsa na na'urar wasan bidiyo, Norio Ohga ne ya tsaya masa, ya ɗauke shi da mutanensa ya mayar da su ɓangaren Sony Music don a bar su su yi aiki, har PlayStation ta fito a Japan a watan Disamban 1994. Sai dai shi Ohga shugaban kamfanin ne gaba ɗaya, kuma bai tafi ko'ina ba.

Kafin ya fita Darakta ya ce mini, "Kada ka nemi wani uban. Ka nemi wanda zai yi asara in an rufe ku."

Talata, 2 ga Disamba

Sakamakon auna ma'aikata na shekara ya fito. Injiniyarmu, wadda ta gano inji na 11, an ba ta "matsakaici". Bara "ya yi fice" ta samu. Dalili a rubuce: zanen da ta miƙa a sashenta ya ragu. To ina zai ƙi raguwa, kwana biyu a mako tana wajenmu? Fom ɗin ba shi da gurbin abin da ta yi mana, ni kuma ba a nemi jin ta bakina ba. Wannan zai taɓa ƙarin albashinta.

Ba ta yi ƙorafi ba. Ta dai ce a watan Janairu tana ganin gara ta koma sashenta gaba ɗaya. Na rubuta wa sashen ma'aikata doguwar takarda, sun ce za su duba amma an riga an rufe na bana.

Tun Satumba nake lissafin abin da aikin nan ya ci da kashi cikin ɗari na kasafi. Yau mun kai 58. Ashe akwai wadda take biya daga aljihunta ban sa ta a lissafi ba.

Talata, 9 ga Disamba

Na koma wajen shugaban kayan gyara, wannan karon da boris ɗin inji na 11 a hannuna da sharaɗin kwana biyun nan. Na ce masa ba na iya cika sharaɗin sai da shi. Na kuma nuna masa abin da mutumin lissafi ya tono: a masana'antu biyun da muke gwaji, yawancin boris da ƙananan kayan da suke canzawa ba a wajenmu suke saye ba, a kasuwa suke ɗauka don ya fi sauri. Manyan kaya kawai suke zuwa nema gare mu.

Ya daɗe yana kallon takardar. Ya ce in kwangilar ta ƙunshi cewa duk kayan da gargaɗinmu ya shafa daga sitonsa za su fito, kuma kuɗin kwangilar a rubuta shi a lissafin sashensa ma, to zai ware kanta guda a sito domin mu, ya ba mu makanike ɗaya. La'adar wakilan sayarwa kuma shi zai yi maganar da shugabansu, tunda sun fi jin nauyinsa.

Rubuta kuɗi ɗaya a wuri biyu ya saɓa wa al'adar sashen lissafi, sun ce a rahoton cikin gida kawai za su yarda. Ya ishe mu.

Juma'a, 19 ga Disamba

Zama na biyu, kuma ƙarshen mako 16. Shugaban kayan gyara ne ya yi rabin maganar, ni ina zaune. Ba wanda ya tambayi hasashen shekara biyar.

Abin da aka yanke: za a ci gaba wata shida. Mutum biyu cikakku, ni da injiniyarmu, kuma ni zan cike mata fom ɗin aunawa na baɗi. Ta ce za ta ba ni amsa bayan hutu. Mai manhaja ya koma sashensa, za mu ɗauki na haya. An ba mu iznin sayen ƙananan kaya kai tsaye har zuwa wani iyaka. Ragowar kasafi, kashi 37 cikin 100, ya wuce zuwa baɗi.

Ba a ba mu 'yancin da na nema ba. An sa mu ƙarƙashin sashen kayan gyara. Ina da fargaba a kan haka: mutumin kirki ne, amma ranar da kunne ya fara rage masa manyan oda da gaske, a wajensa zan je neman izni. Na faɗi haka a zaman, aka rubuta cewa za a sake duba mazauninmu a watan Yuni.

Aikin Janairu: kunne 30 na kwangilar farko, a kankare fenti tun kafin a je. Masana'antu biyu sababbi ta hannun wakilai daban, don mu ga ko la'adar ta canza wani abu. Gwada batir mai kai shekara, don zagayen canza batir ya fara cin kwana guda a mako. Sannan ina son dattijon makaniken nan ya zauna da mu yini biyu, mu kunna masa jijjigar da muka naɗa, ya faɗa mana abin da yake ji. Ubangidansa ya yarda. Fom ɗin biyansa ne ban san a wane sashe yake ba, ranar Litinin zan fara tambaya.